Matasan Kano da Muhalli: Wa Zai Shayar da Dashen Bayan An Watse?

Duk shekara idan damina ta kankama, sai hotuna su cika Facebook: samari da 'yan mata sanye da riguna iri ɗaya, kowa riƙe da ɗan dashe a baƙar leda, a haƙa rami, a binne, a yayyafa ruwa da buta. Niyya ce mai kyau, kuma ba na raina ta. Amma mai son sanin gaskiyar aikin, ya koma wurin a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ƙasa ta bushe ƙayau, awakin unguwa suna farautar duk wani abu kore. Na sha komawa irin waɗannan wurare, kuma abin da na fi tararwa shi ne ramuka da busassun ƙirare. Abin yana yi mini ciwo, domin na san yaran da suka haƙa ramukan da zuciya ɗaya suka yi.

Maganar rawar da matasa za su taka wajen gyara muhalli ta shiga bakin kowa, daga ɗan siyasa har malamin makaranta, sai dai ba kasafai ake zama a warware ta zare-zare ba. An cusa abubuwa barkatai a buhu ɗaya: narkewar ƙanƙara a can ƙarshen duniya, da hayaƙin masana'antun Chana da Amurka, da lambatun ƙofar gidanmu da leda ta toshe, duk a ce musu "muhalli". Matashi ya saurara, kansa ya ɗaure, ya rasa ta ina zai kama, ƙarshe ya karɓi riga da hula ya tafi gida. Sai mun raba abin da ya fi ƙarfinmu da abin da yake hannunmu, sannan za a san wa ake bi bashin me.

Wanda ya fi ƙarfinmu shi ne ɗumamar duniya ita kanta. Tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas ba ji ba gani, hayaƙin yake taruwa a sararin sama yana riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Afirka gaba ɗayanta kashi 3 zuwa 4 cikin 100 kawai take fitarwa na wannan hayaƙi. A taron Faris na 2015 ƙasashe suka amince su yi ƙoƙari kada ƙarin zafin duniya ya wuce digiri 1.5 a kan yadda yake kafin a fara ƙone-ƙonen nan, a 2021 kuma Najeriya ta yi alkawari a birnin Gilasgo cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai fi wanda ake shanyewa ba, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. Waɗannan lamura ne na gwamnatoci da manyan kamfanoni. Rashin adalci ne a ɗora wa yaron da ke tura kurar ruwa a Kurna laifin abin da bai ji ba bai gani ba. Matasan Turai da suka riƙa fita zanga-zanga tun 2018 suna da hujjarsu, don ƙasashensu na cikin masu hayaƙin. Mu fagen namu daban ne.

Sai dai ba mu ci nanin ba, nanin tana cin mu. Iyayenmu ba su manta farin 1972 zuwa 1974 ba, da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Mu kuma mun ga ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. A nan gida, a daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙe dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, shataletalen Baban Gwari kuwa kowa ya san yadda yake komawa idan aka tafka ruwa. Yawan ruwan da zai sauko daga Allah ne. Hanyar da zai bi idan ya taɓa ƙasa kuwa, aikin hannunmu ne, kuma a nan maganar matasa take farawa.

Kafin a zargi leda, a fara da kududdufi. Tsohon birnin Kano da ƙasa aka gina shi: gidaje, da zaure, da masallatai, da badalar da tarihi ya ce an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan. Duk inda aka ɗebi ƙasar gini sai rami ya saura, ramin ya zama kududdufi. Ko da gangan ko da dacewa, kakanninmu sun bar wa birnin ɗaruruwan randuna a buɗe. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwatar kowane lungu can take nufa, ruwan ya zauna, ya riƙa tsatsowa a hankali yana ciyar da rijiyoyin gidaje har cikin rani. Kano kusan duk ruwanta na shekara cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka, Agusta ya fi kowane wata, saboda haka gari irin wannan ba ya rayuwa sai da wurin ajiye ruwa.

Me ya faru da su? An mayar da su juji, shara ta cike su, daga nan aka yanka filoti, aka kafa shaguna da gidaje. Ban ce kududdufi aljanna ba ne. Akwai sauro, akwai wari, akwai iyayen da suka rasa 'ya'yansu a ciki, kuma duk wanda ya taɓa ganin an tsamo yaro ba zai ga laifin mai cewa a cike shi ba. Amma an cike ba tare da an yi wa ruwan wani masauki ba, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Shi ya sa yanzu yake kwana a ɗakunan mutane. Ta ɗaya ɓangaren, an shafe ƙasa da siminti da kwalta, ruwa ba ya shiga ƙasa, ga rijiyoyin burtsatse kowa yana zuƙa. Gari ɗaya, ambaliya a Agusta, layin 'yan garuwa a Afrilu. Waɗannan biyun uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ko da yake mutane ba sa haɗa su.

Shebur da baro ba za su dawo da kududdufin da aka gina wa bene a kai ba. Abin da matasa za su iya a nan shi ne tsare ragowar, kuma wannan aikin baki ne da takarda. Ƙungiyar unguwa ta san kududdufi nawa ya rage mata, ta san mai shi, ta je wa mai unguwa da hakimi da kansila tun ana jita-jitar sayarwa, tun kafin tifa ta fara sauke yashi. Idan ginin ya kai linta, magana ta ƙare. Kowane matashi yau da wayar da ke ɗaukar hoto har ta nuna wurin a taswira. Ɗaliban nazarin ƙasa da tsara birane na Jami'ar Bayero, wadda ke da cibiya guda ta binciken noma a yankunan da ke da ƙarancin ruwa, suna rubuta kundin kammala karatu a kan irin waɗannan abubuwa, kundin ya ƙare a kanta yana shan ƙura. Da za su riƙa mayar da abin da suka gano cikin Hausa mai sauƙi su kai wa mutanen unguwar da suka yi binciken a cikinta, da masu unguwanni sun sami abin riƙewa idan sun shiga ofis.

Haka batun Jakara yake. A bakin wannan rafi Kano ta girma. Tarihi ya ambaci kurmin da ya kewaye shi, wanda mutanen Dala suke girmamawa ba sa taɓa itacensa, kuma a gefensa aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Yau Jakara ita ce babbar kwatar birni. Tana kwashe ƙazantar gidaje da ta mahauta, rafin Getsi ya kawo mata ruwan masana'antun Bompai, su haɗu su nufi madatsar Wasai. A kudu kuma masana'antun Sharaɗa da Chalawa, musamman na jimar fata da ke aiki da sinadarin kuromiyam, ruwansu kogin Chalawa yake gangarawa. A bakin waɗannan ruwaye manoman lambu suke shayar da latas da alayyafo da kabeji, su shigo kasuwa, mu saya. Manomin ba shi da wani ruwan. Doka ta wajabta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, kuma babu gayyar da za ta maye gurbin bin wannan doka. Matashin da ya karanci sinadarai ko lauya ko ɗan jarida, nan ne wurinsa. Kuma tun da matasa suna da yawa ƙwarai a cikin masu jefa ƙuri'a, babu abin da zai hana a tambayi mai neman kujera, a gaban jama'a, me zai yi da Jakara.

Yanzu shara. Mutane da yawa ba su san cewa Kano ta daɗe tana da tsarin da ƙasashen duniya suke ta taro a kansa yanzu ba. Da rani, jakuna suna shigowa birni da itace da hatsi, su fita da mangala cike da sharar gidaje: toka, da kashin awaki, da sauran abinci, da ƙasar tsakar gida. A zube a gonakin da ke kewaye da birni su zama taki. Da wannan ne aka yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya duk shekara ba ta gaji ba, a yankin da mutane suka yi cunkoso. Birni yana ciyar da gona, gona tana ciyar da birni. Leda ce ta shiga tsakani. Ka je gonar da aka zuba wa sharar birni yau, za ka ga kunya-kunya baƙar leda da ta ruwan leda suna kaɗawa. Ba ta ruɓewa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, dabba ta haɗiya ta ƙulle mata ciki, kuma duk mahaucin da ka tambaya zai gaya maka abin da yake cirowa daga tumbin saniya. Ruwanda ta haramta ledar zuba kaya tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu har yanzu ko ashana ka saya sai an ƙulle maka a leda.

A nan nake so na tsaya, domin akwai matasan da suka daɗe a cikin wannan aiki, ba a taɓa gayyatar su taron muhalli ba. Su ne 'yan gwangwan da 'yan jari-bola. Tun asuba yaro ya saɓa buhu, ko ya turo kura, ya bi lungu-lungu da bola-bola yana tsintar gorar roba, da fasasshen bokiti, da tsinkakken silifa, da gwangwani, da ƙarfe. Ya kai wa mai sikeli, a auna, a biya shi. Daga nan a ware kowane iri, a wanke, a niƙa robar a inji, ta koma kamfani ta fito a matsayin buta ko baho ko sabon takalmi, a baje ta a Ƙofar Wambai. Alminiyam ya je hannun masu zubin tukwane, ƙarfe ya cika tirela ya tafi narkarwa. Babu tallafin da ya kafa wannan, yunwa da dabara ne suka kafa shi. Da za su ajiye buhunansu na wata ɗaya, da Kano ta gane nauyin da suke ɗauke mata.

Amma dubi yadda muke kallon su. Da an ga yaro da buhu sai a ce ɓarawo. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, kuma dole a hukunta su tare da masu saye a hannunsu. Sai dai wake ɗaya ba zai sa a zubar da buhun gari ba. Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarsu. Da hannu tsirara suke tona bolar da ke da allura da fasasshiyar kwalba. Suna ƙona waya don su fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙin. Ga kuma wani haɗari da ke tafe a ɓoye: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane suka raja'a kan sola, wanda alheri ne, amma yawancin batiran da talaka yake iya saye na dalma ne, kuma ba sa daɗewa. Idan sun mutu, yara ne suke fasa su a bayan shago. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan ƙananan yara a Zamfara a 2010, wajen niƙa dutsen zinare, ya san ba abin wasa ba ne. Matashi mai digiri da yake son ya yi wa muhalli hidima, ga abokan aikinsa nan. Ya zauna da su, su yi ƙungiya da katin shaida, a samo safar hannu da takalmi da allurar rigakafin sarƙe-haƙora, a sayi injin niƙa na haɗin gwiwa don ribar da dillali ke kwashewa ta dawo musu. Su ma suna da abin koya masa, domin sun san darajar kowace roba da ido.

Mataki mafi sauƙi kuma a cikin gida yake, kuma 'yan mata ne suka fi riƙe da shi, tunda su ke shara su ke girki: buhu ɗaya a rataye na roba da leda, sauran shara ta tafi daban. Abin da ya rage taki ne tsantsa, irin wanda manomi yake nema da kuɗinsa.

Gayyar yashe lambatu ba sai na yi dogon bayani ba, Kanawa sun san ta. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai suna fitowa gab da damina, da ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, da shebur da manjagara. Matsala ɗaya ce take mayar da ita aikin baban giwa: a fito da taɓo da leda a jibge a bakin titi, motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da komai inda aka ciro shi. Saboda haka kada a sa ranar gayya sai an tabbatar da tifa, ko daga hukuma ko da karo-karon masu shagunan layin.

Mu koma kan bishiya. Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare kwararowar hamada. An sha raba dashe a wannan jiha. Darasin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa daga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ya fito. Bayan farin shekarun 1980, manoma a can suka daina sare tohon da ke fitowa daga kututture da saiwoyin da ke cikin gona. Sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, su datse sauran, su tsare shi daga dabbobi. Suna ce wa abin sassaben zamani. Ta wannan hanya aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Gawo ya fi yawa a wurare da dama, kuma manomi ya san dalili: yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina albarka. Abin da ya raya itatuwan shi ne kowanne yana da mai shi, wanda yake ganinsa kullum, yake kuma sa ran cin moriyarsa.

Wannan shi ne abin da dashen taro ba shi da shi. A birni babu kututture mai toho, dole a dasa, amma ƙa'idar ba ta canzawa. Bishiyar da aka dasa a bakin titin da ba na kowa ba, marainiya ce tun ranar farko. Ta ƙofar gida, ko ta gaban shagon mai shayi, ko ta majalisar samari, ko ta makarantar allo, tana da mai jin kishinta. Sannan a zaɓi iri da hankali. Darbejiya tana da juriyar fari, shi ya sa ta mamaye gari, amma ba a cin 'ya'yanta. Mangwaro da gwaiba suna son ruwa. Zogale yana saurin girma, uwar gida ta sami na kwaɗo. Kuka da tsamiya da ɗorawa sai jikoki, kuma su ne aka fi daina dasawa. A gefe guda, gatari bai huta ba: da gas ya yi tsada gidaje da yawa sun koma gawayi, kowane buhu kuwa itace ne da aka kayar a wani daji. Ba za a ce wa mace ta daina girki ba, amma murhu mai tattalin gawayi abu ne da maƙeran Kano za su iya ƙerawa, kuma sana'a ce ga matasa.

Lissafin da ya kamata ƙungiya ta yi kafin ta karɓo dashe shi ne wannan. Daga Oktoba zuwa Mayu, wata bakwai zuwa takwas, babu ruwan sama. Kowane dashe yana bukatar kariya ta bulo ko ƙaya ko tsohuwar taya, da wanda zai shayar da shi har ya tsallake rani biyu. A garin da ake sayen jarka da kuɗi, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Idan mutum 20 ne za su iya, to dashe 20 za a karɓo, a rubuta sunan kowa a jikin nasa, a dawo a watan Mayu a ƙirga masu rai, wannan adadin a faɗa wa duniya.

Ruwan kuma akwai inda za a same shi ba da kuɗi ba. Babu layin da ba shi da masallaci a Kano, kuma sau biyar a rana ana alwala a ƙofarsa, ruwan yana gangarawa lambatu. Ruwa ne marar sabulu, ba ya yankewa ko a tsakiyar bazara. 'Yar kwata mai tsawon taku uku ko huɗu daga wurin alwala zuwa gindin dashe ta wadatar. Na ga masallacin da samarin layin suka yi haka. Wanda ya kawo shawarar ya tunatar da su hadisin da ya nuna cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi, liman ya amince, ladan ya ɗauki nauyin korar awaki. Yanzu ranar Juma'a, idan cikin masallacin ya cika, sahun waje a inuwar bishiyar yake tsayawa.